Kuskuren da Ya Rasa Mai Shi

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana aiki a ɗakin gwajin asibitin. Ta haifi 'ya'ya uku a cikin shekarun, furfura har ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali, amma har yau Ƙarama ake ce mata. Dalili kuwa mutum biyu ne a ɗakin, babba da ƙarama. Babban shi ne wanda duk asibitin ke kira Mikiya, wai don idonsa bai taɓa kuskure ƙwayar cuta ba. Shi ya fara faɗin haka da bakinsa, ya yi ta faɗa, har mutane suka gaji suka yarda.

Aikinsu gwajin tarin fuka ne. Mai tari zai kawo kakinsa a 'yar roba, a shafa shi a kan wani ɗan siririn gilashi, a busar, a zuba masa jan rini, a ɗauraye, a bi da shuɗi. Sannan a sa shi ƙarƙashin na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa, wadda su a ɗakin suke kira madubi. In akwai cutar, za a ga 'yan jajayen sanduna warwatse a cikin shuɗin. In babu, shuɗi ne zalla. Akwai wani injin zamani da ke yin duk wannan shi kaɗai, amma tun bara ya tsaya, aka lulluɓe shi da zane, Mikiya ya mayar da kansa wurin ajiye kofin shayi.

An raba aikin, rabon kura da akuya. Duk abin da ke da wari na Ƙarama ne: karɓar kaki, shafawa, rini, wanke-wanke. Mikiya dubawa kawai yake yi. Zai zauna a kujerarsa mai juyawa, ya kafa ido a madubi, ya ce "babu," ko ya ce "akwai," ita kuma ta rubuta a babban littafin ɗakin, ta cike takardar sakamako. Ba ya taɓa biro. Cewa yake hannun da ke juya madubi ba a gajiyar da shi da rubutu. Ita ma fa tana da takardar shaidar dubawa irin tasa, tana can a ƙasan akwati. Abin da ke riƙe da ita shi ne baɗi zai yi ritaya, kujerar ta zama tata.

Ƙa'idar aikin ta ce sau ɗaya ake amfani da gilashi. Kuma ba sababbi ne babu ba. Kwalaye ne jibge a kabad, an kulle, makullin yana aljihun Mikiya, wai na ranar masu duba aiki ne, kada su zo su tarar da kabad wayam su ce ɗakin ba tanadi. Saboda haka gilasan da suka nuna cuta ne kaɗai ake adanawa a akwati. Sauran, duk ranar Litinin Ƙarama za ta sa safar hannu ta tsuguna gaban bokitin da suka kwana a ciki, ta yi ta dirzar su da soson ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Kakin bayin Allah da ya bushe ya sake jiƙa, ya taso saman ruwan yana yauƙi. Shekarun farko takan fita waje ta tofar da yawu. Daga baya ta saba, kuma sabon nan shi ya fi ba ta haushi in ta tuna.

Ƙofar gidan su Ƙarama tana kallon ta wata dattijuwa da ake kira Mai Reno, don shekara ashirin tana aiki a gidan renon jarirai, inda ma'aikata ke ajiye 'ya'yansu da safe su ɗauka da yamma. Mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta da matarsa da jikoki biyu. Ita ta goye wa Ƙarama autarta har ta yi ƙafa, ko sabulu ba ta yarda ta karɓa ba. Da tari ya kama ta ya wuce sati biyu, Ƙarama ce ta matsa mata.

"Yaya, ki zo a duba. Ba a wasa da tari, ga ki cikin jarirai."

Ta zo, ta ba da kaki sau biyu kamar yadda ake yi. Mikiya ya kafa ido a na farko ya ce, "Akwai." Ya kafa a na biyu ya ce, "Nan ma akwai." Ƙarama ta rubuta.

Daga nan komai ya tafi yadda ya saba tafiya. Aka sa sunan Mai Reno a rajistar masu tarin fuka, aka ɗora ta kan maganin wata shida. Mai gidan renon ta sallame ta da kuka da ban haƙuri, ta ce ita ba ta da ta cewa, ko Mai Reno ta warke iyaye ba za su sake miƙa mata jariri ba. A gida suruka ta ware mata kofi da kwano, ta ɗaura wa hannun kofin jan tsumma. Jikoki daga bakin ƙofa suke gaishe ta. Tarin kuwa tun satin farko ya tafi abinsa, abin da ya rage sai aikin magani: amai da safe, ciwon gaɓoɓi, ƙaiƙayi da ya sa ta ƙarje hannayenta har suka yi fari. Matar da ke ɗaukar jarirai biyu a lokaci guda ta koma sai ta dafa bango take tashi.

Da aka cika wata biyu ta dawo gwajin tsakiya. An yi sa'a, ko rashin sa'a, Mikiya ya tafi taron ƙara wa juna sani na kwana uku, Ƙarama ce a kujerar. Ta ɗauko gilashi, ta ga duk ya yi dishi-dishi, ta mayar, ta yi ta tona bokiti har ta samu mai ɗan haske. Ta shafa, ta rina, ta duba. Shuɗi zalla. Wannan ba abin mamaki ba ne, haka ake gani in magani na aiki. Amma wani abu ya tsaya mata a rai ya ƙi wucewa, sai ta tashi ta buɗe akwati ta zaro gilasan Mai Reno na farko.

Jan yana nan kuwa. Sai dai ƙwayar cuta ba ta jeruwa, warwatse take, wasu a lanƙwashe, wasu a dunƙule. Waɗannan a miƙe suke cikin layi, duk sun fuskanci gefe ɗaya kamar ɗinkin keke. Ta cire gilashin ta ɗaga shi wajen taga. Ga karce nan birjik, sawun soson ƙarfenta. Rini ne ya shige cikin karcen ya ƙi fita.

Ta zauna tana kallon gilashin. Can ta tashi ta ɗauko wani tsohon gilashi da ta wanke ranar Litinin, ba ta shafa masa komai ba, ta zuba masa ja, ta ɗauraye, ta bi da shuɗi, ta sa a madubi. Ga su nan, jajaye, a jere. Gilashin da babu ko ɗigon yawun mutum a kansa, shi ma ga shi da tarin fuka.

Ta ɗauki gilasan ta nufi wajen likitan masu tari, wani mutum mai haƙuri da kullum idanunsa ke nuna barcin da ake bin sa. Ya biyo ta ɗakin, ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya murza fuska.

"Matar nan ba ta da komai," ya ce. "Wata biyu muna ɗura mata abin da ba ta buƙata."

"To a tsayar, likita. Yau ɗin nan."

"Da a hannuna yake, da tuni. Wanda ya shiga rajistar nan ƙofa huɗu gare shi: ya gama magani, ya gudu, ya mutu, ko ɗakin gwaji ya rubuto cewa kuskure aka yi. In na tsayar da kaina, gobe a rubuta ta gudu, a aika mutane har gida su neme ta." Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya nuna mata layin ƙarshe. "Kin gani? Sunan wanda ya yi kuskuren dubawa, da sa hannunsa. In babu wannan layin, na'urar rajista ba ta sakin suna. Kuma ita ce takardar da za ta kai wurin aikinta su san ba ta taɓa yin cutar ba."

Ranar da Mikiya ya dawo, da sabuwar jaka mai tambarin taro, Ƙarama ta bari ya sha shayinsa tukuna. Sannan ta ajiye masa gilasan uku, ta yi bayani a hankali, da ladabi, kamar mai roƙon bashi. Ya duba na Mai Reno ya ce, "To ai ga su nan." Ta miƙa masa na ukun. Ya duba ya ce, "Wannan ma akwai. Na wane ne?"

"Ba na kowa ba ne, Oga. Ba a shafa masa komai ba."

Ya ɗago a hankali. Ta ga ya gane, ta gani a wuyansa, inda wata jijiya ta motsa. Amma sai ya yage kusurwar wata takardar sakamako, ya naɗe, ya shiga sakace haƙori da ita.

"Wato tarko kika ɗana mini."

"Wane ni. Oga, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Matar nan ko tsayuwa ba ta iya yi. Layi ɗaya ne kawai za ka sa hannu."

"Shekara talatin ina kallon abin nan, yarinya, tun ba ki san hannun damanki ba. Sai yanzu da ya rage mini shekara ɗaya zan rubuta da hannuna cewa ban iya ba? In ji mai wanke-wanke?" Ya duba abin da ya sakato, ya goge a gefen tebur. "Ɗauke mini su."

Da yamma ta kai ƙarar wurin mijinta. Malamin falsafa ne a jami'a, mutum mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma shekara shida ke nan yana rubuta littafi ɗaya. Littafin a kan tambaya guda yake: ta yaya tunanin mutum ke iya zama kuskure? Ƙarama ba ta taɓa ganin abin tambaya a nan ba, tunda kullum tana ganin yadda ake yi. Ta ba shi labarin yana cin abinci. Tun ba ta kai ƙarshe ba ya ajiye cokali, idanunsa suka yi haske kamar an ce masa an ƙara albashi.

"Kin san abin da kika kawo mini kuwa? Babi na huɗu ke nan cif! Kin ga, ɗauki kaza mai kwanci. Ki cire ƙwan ki sa mata farin dutse mai santsi, za ta kwanta a kai. To me ke cikin kanta? In hoton ƙwai ne, ta yi kuskure. Amma wa ya ce hoton ƙwai ne? Ƙila abin da ke kanta shi ne farin abu mai santsi. In haka ne, ba ta yi kuskure ba ko kaɗan, dutsen ai fari ne, kuma da santsi. Kin ga matsalar? In duk abin da ya tayar da tunani shi ne abin da tunanin ke nufi, to babu mai kuskure a duniya."

"Malam, matar nan amai take yi."

"Na sani, na sani, Allah ya ba ta lafiya. Gobe zan zo ɗaukar ki, sai in ga Ogan naki."

Ta kwana da ɗan sanyi a rai. Ta ce ko ba komai namiji ne, mai digiri uku, ƙila Mikiya ya ji kunyarsa.

Washegari ya zo da littafin rubutu a hammata. Mikiya ya tarbe shi hannu biyu, ya sa Ƙarama ta dafa shayi. Tana tsaye wajen famfo tana jin su. Mijinta ya fara da kaza, ya zagaya, ya dawo kan madubi.

"Abin tambaya, ranka ya daɗe, shi ne idonka. Shekara talatin yana tsayawa a kan jan abu mai siffar sanda. Wani lokaci ƙwayar cuta ce, wani lokaci rini ne a karce. To hoton da ke tasowa a kanka, na wanne ne? In na ƙwayar cuta ne, a ranar ya saɓa. In kuwa na jan abu mai siffar sanda ne, sai mu ce bai taɓa saɓawa ba."

Mikiya ya matso da kujerarsa. Ba malami ba ne, amma a kan abin da zai fisshe shi kansa na ja kamar reza.

"Maimaita mini na ƙarshen nan, Malam."

Ya maimaita, har da zane a takarda. Mikiya ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihun da makullin kabad yake.

"Ka ga masu ilimi," ya ce. "Ƙarama, kin yi dacen miji, sai dai ba ki ɗauko komai ba."

Suka yi dariya tare, su biyun.

Mijin ya ɗauke ta a mota suka kama hanyar gida. Sai da suka tsaya a danja ta ce, "Malam, kai a naka ganin, kazar nan ta yi kuskure ko ba ta yi ba?"

"A nawa ganin? Ta yi mana. Kwanci don ƙyanƙyasa aka yi shi, ba don ɗumama dutse ba. Abin da aka yi aiki dominsa shi ke raba daidai da kuskure. Haka shi ma, ba don neman ja aka ajiye shi a kujerar ba, don neman cuta ne."

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Ai wannan amsar ma akwai masu suka a kanta, sai an yi mata babi guda. Ba ya kyautu in faɗi abin da ban gama tacewa ba."

Ta juyo ta dube shi. Shekara goma sha biyar tana wanke masa riguna, ba ta taɓa jin ƙyamarsa ba sai a wannan danjar. Ga shi da tsabta, ga ƙamshin turare, ga hannaye masu laushi a kan sitiyari, amma ji ta yi kamar ta buɗe ƙofa ta fita ta taka da ƙafa. Ya tambaye ta ko za ta iya aro masa gilashi na ukun ya ɗauki hotonsa. Ta sauke gilashin motar ta kalli titi.

Likita ne ya kai maganar gaban shugaban asibitin, aka kira zama ranar Alhamis da hantsi. Su huɗu ne a ofis mai sanyin na'ura: shugaba, likita, Mikiya, Ƙarama. Takardar kuskuren tana tsakiyar tebur, likita ya cike komai sai layin ƙarshe. A ranar ce kuma Mai Reno ke zuwa karɓar maganin sati, tana zaune a benci a waje, ɗanta yana tsaye ɗan nesa da ita.

Likita ya yi bayani a taƙaice. Shugaba, wanda rabin hankalinsa ke kan wayarsa, ya ce, "To, Mikiya, me ka ce?"

Mikiya ya gyara zama. Ya sa farar rigar aiki sabuwa, har karin guga bai fita ba.

"Ranka ya daɗe, mu bi abin a ilmance. Me idona ya gani? Ja. To ja ne ko ba ja ba ne? Likita, ka duba da kanka."

"Ja ne, amma..."

"Siffar sanda gare shi ko babu?"

"Akwai, amma ba ƙwayar..."

"To ina kuskuren? Ido ya ga ja, ja ne. Ya ga sanda, sanda ce. Abin da ke gabana na faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Wannan magana ce da manyan malamai na jami'a ke rubuta littattafai a kanta, har yau ba su gama ba. A tambayi Ƙarama, a gidanta ake rubutawa."

"Ba ja aka aiko ka nema ba," in ji likita, muryarsa ta fara tashi. "Cuta aka aiko ka nema."

"Wannan ra'ayi ne, likita. Akwai masu suka a kansa."

Ƙarama ta runtse ido. Har wannan ma ya samu, ke nan sun yi waya da mijinta.

Shugaba ya ajiye wayar, fuskarsa ta saki. Shi dama abin da ke damunsa rahoton da zai hau sama, ga shi an nuna masa hanyar da babu rahoto.

"Wato in na fahimta, gilashin ne ya yi kuskure."

"Kusan haka, ranka ya daɗe."

"To gilashi ba ya sa hannu." Ya yi 'yar dariya shi kaɗai. "Wa ya ce a riƙa wanke tsofaffi?"

Mikiya ya buɗe hannuwa. "Ni dai ban taɓa rubuta haka ba. Sababbi suna nan cike da kabad, a je a gani."

"To ku ji," in ji shugaba. "A bar kaza cikin gashinta. Daga yau a yi amfani da sababbi. Ita kuma baiwar Allah, wata huɗu ya rage mata, ta daure ta ƙarasa, maganin ai ba guba ba ne. A ƙarshe a rubuta ta warke, kowa ya huta."

Ya kai hannu zai ture takardar gefe. Ƙarama ta ga hannun, da zoben azurfa a ɗan yatsa, ta tuna hannayen da ke waje a kan benci, waɗanda ƙaiƙayi ya mayar fari. Wata huɗu na amai. Kofi mai jan tsumma. Bayan nan kuma babu jaririn da za a sake miƙa mata har ta mutu. Ga kuskure ƙato a kan tebur, kowa a ɗakin ya san kuskure ne, amma ya zama maraya, an rasa mai cewa nasa ne. Ta san kuma soson ƙarfen a hannunta yake duk Litinin, ba ta taɓa cewa a'a ba, saboda kujera.

Ta ɗora hannunta a kan takardar.

"Ni na duba, ranka ya daɗe."

Duk suka juyo.

"Ranar ni na duba gilasan. A ɗauko littafin ɗakin a gani, rubutuna ne. Takardar sakamakon ma rubutuna ne. Na ga rini na ɗauka cuta ce. Kuskurena ne."

Likita ya buɗe baki, ta dube shi, ya rufe. Ya fahimci abin da ta fahimta, cewa na'ura suna take so, ba ta tambayar ko na wane ne.

Ta yi zaton Mikiya zai yi jim, ko na ƙiftawar ido ne. Ina! Ko a jikinsa. Ya dafa goshi kamar mai tuno wani abu da ya shige masa.

"Af! Yanzu na tuna. Ranar ce idona ke ruwa, na ce ta taya ni. Ka ga, ranka ya daɗe, rufa mata asiri nake ta yi tun ɗazu. Yarinya ce, ga iyali."

"Allah sarki," in ji shugaba. "Ka kyauta. To, ke kuma, kin san ba za a bar shi haka ba." Ya lissafa mata a tsaye: takardar gargaɗi a fayil, ba ita ba madubi sai abin da hali ya yi, maganar kujera baɗi kuma a nemo wani daga waje. Ta ce ta ji. Ta rubuta sunanta a layin ƙarshe, ta sa hannu. Likita ya buga hatimi da ƙarfin da ya sa kofin shugaba ya yi tsalle.

Likitan ne ya fita ya yi wa Mai Reno bayani a bakin benci, ya miƙa mata takardar. Ƙarama ta biyo baya, ta tsaya jikin bango. Ta ga ɗan ya matso kusa da uwarsa, karo na farko cikin wata biyu, ya karanta mata takardar tun daga sama. Da ya kai layin ƙarshe ya tsaya, ya ɗago, ya sake karantawa.

Mai Reno ta dafa bango ta miƙe. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi.

"Ke?" ta ce. "Ƙanwata, ke? Ke kika ce in zo. Kullum kina shigowa kina ce mini sannu, kina kallona ina amai a bokiti, ashe aikin hannunki ne? Jikokina wata biyu ban taɓa kansu ba."

"Yaya..."

"Kada ki ƙara ce mini Yaya."

Gaskiyar tana bakin Ƙarama, kalma biyar ba ta kai ba. Amma in ta fita, takardar ta zama ƙarya, sunan ya koma rajista, magani ya ci gaba gobe da safe. Ta sunkuyar da kai.

Sai ga Mikiya ya fito daga ofis cikin farar rigarsa, ya tsaya tsakaninsu, ya tausasa murya.

"Haba Baba, a yi haƙuri. Ɗan Adam ajizi ne, kowa yana kuskure. Ni na rene ta a aikin nan, ba da gangan ta yi ba. Ki yafe mata saboda ni. Alhamdu lillahi tunda mun gano da wuri."

Mai Reno ta dube shi, idanunta suka ciko. Ta kama hannunsa da hannayenta biyu masu farin karce.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya ƙara wa idon nan haske. Da ba don kai ba, da ƙarasa ni za su yi."

"Amin, Baba, amin," ya ce. "Aikinmu ke nan."

Ya juyo ya dafa kafaɗar Ƙarama a gaban kowa, ya ɗan bubbuga. Ta ji ɗumin tafin hannunsa ya ratsa rigarta. Ta ce, "Na gode, Oga."